Tailan: mai kujera 151 ya koma adawa, mai 71 ya hau mulki, ta ina soja suka shigo?

Nasiru Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani lissafi ne ya ƙi fita mini, ko masu bin siyasar Asiya za su taimaka. A zaɓen Tailan na 14 ga Mayu 2023, Move Forward ce ta zo ta ɗaya da kujera 151 cikin 500, Pheu Thai ta gidan tsohon firaminista Thaksin Shinawatra ta biyu da 141, Bhumjaithai ta uku da 71. Jam'iyyun janarorin nan biyu na mulkin sojan 2014 kuwa ƙasa suka sha: ta Prawit 40, ta Prayut, firaminista mai ci a lokacin, 36. Amma ga shi an rushe ta ɗayan, an tsige wa ta biyun firaminista har biyu, Anutin Charnvirakul na ta ukun ne aka zaɓa firaminista ranar 5 ga Satumba 2025. Kowa ka tambaya sai ya ce ai aikin soja ne. Sojan da ya faɗi zaɓe? Ta ina?

Dokta Hadiza Bello:
Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Da 500 kake lissafi, alhali a 2023 da 750 ake yinsa. Kundin tsarin mulkin 2017, wanda aka rubuta ƙarƙashin sojojin da suka yi juyin mulkin 22 ga Mayu 2014, ya ce na tsawon shekara biyar majalisun biyu ne za su zauna tare su zaɓi firaminista: wakilai 500 da jama'a suka zaɓa, da sanatoci 250 da babu wanda ya zaɓe su. Sai ka samu fiye da rabin jimillar, wato 376.

Su 250 ɗin ga yadda aka samo su. Shida kujerun muƙami ne: babban hafsan tsaro, hafsoshin sojan ƙasa da na ruwa da na sama, shugaban 'yan sanda, da babban sakataren ma'aikatar tsaro. Wasu 194 majalisar mulkin soja ce ta tsince su daga jerin da kwamitin Janar Prawit Wongsuwan ya miƙa. Ragowar 50 daga ƙungiyoyin sana'o'i suka fito, su ma sojan ne suka yi tankaɗen ƙarshe. Saboda haka ɗan takarar da sanatoci ke so, wakilai 126 kawai yake nema. Wanda ba sa so kuwa sai ya haɗa 376 daga cikin 500 shi kaɗai. A 2019 sanata 249 suka zaɓi Prayut, na 250 ɗin shugaban majalisa ne da bai kaɗa ba.

Barista Kabiru Inuwa:
Ƙari a kan bayanin Dokta. Wannan iko na sanatoci, sashe na 272, ba ya cikin ainihin daftarin da aka kai ƙuri'ar raba gardama ranar 7 ga Agusta 2016. Tambaya ta biyu aka maƙala a ƙasan takardar, da doguwar jimla mai murɗe-murɗe, a lokacin da ake kama masu yi wa daftarin kamfe na ƙi. Daftarin ya wuce da kusan kashi 61, tambayar da kusan 58. Tun ran gini aka yi zane.

A 2019 ma ba sanatoci kaɗai suka yi aikin ba. Jam'iyyu bakwai masu adawa da soja sun ce sun haɗa kujera 255. Sai hukumar zaɓe ta fito da tsarin rabon kujerun jerin sunaye, wato waɗanda ake raba wa jam'iyyu gwargwadon jimillar ƙuri'unsu, bayan an riga an ga sakamako. Ƙa'ida kusan ƙuri'a dubu 71 ce kujera guda, amma ƙananan jam'iyyu 11 suka samu ɗai-ɗai, wata ma ƙuri'arta ba ta kai dubu 40 ba. Nan take 255 ta koma ƙasa da 250, Prayut ya ɗinka gwamnatin haɗin gambiza ta jam'iyyu 19. Thamanat Prompow, mai kula da waɗannan ƙananan, shi da bakinsa ya kwatanta kansa da mai kiwon birai da ke raba ayaba. Har yau in ɗan siyasar Tailan ya ce an raba ayaba, an san nufinsa.

Malam Auwalu Jega:
Duk na yarda, amma kar a wanke Move Forward tas. Sun san da 376 tun kafin a buga takardun zaɓe, suka kuma yi kurakurai uku.

Na farko shi ne mafi muni. Doka ta ba kowace jam'iyya damar miƙa sunan mutum har uku na takarar firaminista kafin zaɓe, kuma bayan zaɓe ba a ƙara suna. Sai jam'iyyar da ke da aƙalla kujera 25 ce za a iya tsayar da nata. Pheu Thai ta cika ukunta: Paetongtarn 'yar Thaksin, Srettha, Chaikasem. Move Forward ta sa Pita Limjaroenrat shi kaɗai, mutumin da ke da hannun jari dubu 42 na gado a tashar iTV. Tashar ta daina watsa shiri tun 2007, gaskiya ne, amma da irin wannan tarko na hannun jarin kafar labarai aka cire Thanathorn, shugaban jam'iyyar da Move Forward ta gada, daga majalisa a 2019. An ga ramin, aka kuma bi ta kansa da doki ɗaya.

Na biyu, rigimar kujerar kakaki. Makonni suka shafe suna ja da Pheu Thai a bainar jama'a, daga ƙarshe ranar 4 ga Yuli aka ba Wan Muhamad Noor Matha, dattijo Musulmi ɗan Yala, wanda jam'iyyarsa Prachachat ke da kujera 9 kacal. Mutumin kirki ne, amma kakaki shi ke riƙe da jadawalin zama da fassarar ƙa'idojin zaure, kuma sun rasa wannan.

Na uku, sashe na 112, dokar ɓatanci ga sarauta mai ɗaurin shekara 3 zuwa 15 a kan kowace tuhuma. Ba a sa gyaranta cikin yarjejeniyar jam'iyyu takwas da aka sa wa hannu 22 ga Mayu ba, amma jam'iyyar ta ce za ta kai ƙudurin da kanta. Ta miƙa wa sanatoci hujja a faranti.

Zainab Umar Maraɗi:
Malam Auwalu, da girmamawa, na ukun nan ba kuskure ba ne. Da wannan alƙawari suka samu ƙuri'a sama da miliyan 14 da kujera 32 cikin 33 na Bankok. In sun janye shi, wa suka zama? Kuma kana ganin da sun janye sanatocin za su zaɓe su? Shirinsu ya haɗa da soke ɗaukar soja dole, da rage yawan janarori, da karya ikon manyan kamfanonin giya da makamashi. Ko 112 ba ta nan, wani dalilin za a samo.

Dubi ƙuri'ar 13 ga Yuli. Sanata ɗaya ya yi murabus, sai aka koma 749, ana neman 375. Pita ya samu 324, 182 suka ƙi, 199 suka yi rowar ƙuri'a, wato ba eh ba a'a, wasu gommai ba su ma zo ba. Sanata 13 kawai suka goya masa baya. A wannan tsari rowar ƙuri'a da ƙi duk ɗaya ne, tunda da jimillar membobi ake auna rinjaye, ba da waɗanda suka kaɗa ba. Mutum ya kashe ka ba tare da an rubuta sunansa cikin masu ƙi ba.

Barista Kabiru Inuwa:
Abin da aka yi ranar 19 ga Yuli ya fi na 13 muhimmanci a wurin lauya. Ana tsaka da zama Kotun Tsarin Mulki ta dakatar da Pita daga kujerarsa saboda batun iTV, ya ajiye katinsa ya fita. Sannan zauren ya kaɗa ƙuri'a 395 da 312 cewa sake gabatar da sunansa maimaita ƙudurin da ya faɗi ne, kuma ƙa'ida ta 41 ta zaure ta hana hakan a zango ɗaya. Wato aka ɗora ƙa'idar zaure a kan tanadin kundin tsarin mulki. Illar ba ta tsaya kan Pita ba: daga ranar kowane ɗan takara harsashi ɗaya gare shi. Pheu Thai ba za ta iya gwada Srettha tare da Move Forward ta ga ko zai wuce ba, domin in ya faɗi ya ƙone. Sai ta tabbatar da ƙuri'un sanatoci kafin ta kai suna, su kuwa sharaɗinsu ɗaya ne. A Janairun 2024 kotun ta wanke Pita kan iTV, bayan an gama rabon.

Nasiru Gwammaja:
To ke nan Pheu Thai ba ta ci amana ba, gaba kura baya sayaki ta samu kanta?

Zainab Umar Maraɗi:
Ta ci mana. Akwai hanya ta uku: a daure wata goma. Wa'adin sanatocin zai ƙare a Mayun 2024, kuma jam'iyyu takwas ɗin na da 312 cikin 500. Magoya baya sun yi ta roƙon haka. Madadin haka sai aka fara gayyato jam'iyyun tsohuwar gwamnati hedikwatar Pheu Thai ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar hoto da kofunan cakulan mai na'a-na'a. Wannan abin sha har ya zama lambar cin amana, wasu shaguna suka daina sayar da shi. Ranar 2 ga Agusta aka raba gari da Move Forward, 7 ga wata Bhumjaithai ta shigo, sai jam'iyyar Prayut, sai ta Prawit. Mutanen da suka yi kamfe cewa ba za su zauna da "kawunnan" biyu, wato Prayut da Prawit, ba. Shugaban jam'iyyar, Cholnan Srikaew, sai da ya ajiye muƙaminsa saboda ya yi alƙawarin haka a bainar jama'a, amma ya karɓi ministan lafiya.

Sannan ranar 22 ga Agusta. Da safe jirgin Thaksin ya sauka a filin jirgin Don Mueang na Bankok bayan shekara 15 yana gudun hijira, ya faɗi gaban hoton sarki ya yi gaisuwa, aka wuce da shi kotu, ɗaurin shekara 8. Da yamma Srettha ya samu ƙuri'a 482, ciki har da sanata 152, waɗannan da wata guda baya 13 kawai suka iya ɗaga hannu. Cikin dare aka mayar da Thaksin hawa na 14 na asibitin 'yan sanda. Kwana goma ba a cika ba sarki ya rage ɗaurin zuwa shekara ɗaya, a Fabrairun 2024 ya koma gida. Ruwa ba ya tsami banza.

Alhaji Mamman Sokoto:
Hajiya Zainab, jiran wata goma daɗin faɗa gare shi. Wa zai riƙe ƙasa a watannin? Prayut, a matsayin riƙo. Shi zai zauna har a yi sauye-sauyen hafsoshi da manyan ma'aikata da ke fara aiki 1 ga Oktoba, kasafin kuɗi kuma ya maƙale. Sannan wata goma sun ishi masu ayaba su sayi macizai. Can kumurci suke kiran ɗan majalisar da ya sauya sheƙa.

Bari in kawo yadda ake cinikin kansa, don a nan ake gane wanda ya ci riba. Kundin ya ƙayyade ministoci 35 ban da firaminista. Haɗakar jam'iyyu 11 ce mai kujera 314. Raba 314 da 35, kusan 9 ke nan: duk wanda ya zo da 'yan majalisa tara ko goma yana da kujerar minista, ko da ɓangare ne a cikin jam'iyya. Pheu Thai ta ɗauki manyan ministoci 8 da ƙanana 9, Bhumjaithai 4 da 4, jam'iyyun janarorin kowacce 2 da 2, Chart Thai Pattana da Prachachat ɗai-ɗai.

Amma adadi ba shi ne magana ba, maiƙo ne. Anutin ya karɓi ma'aikatar cikin gida, wadda ke naɗa gwamnonin larduna 76 da shugabannin gundumomi, kuma dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinta suke. Bankok ce kaɗai ke zaɓen gwamnanta. Ya haɗa da ilimi, da ilimi mai zurfi, da ƙwadago. Thamanat ya samu aikin gona, ƙanin Prawit, tsohon shugaban 'yan sanda Patcharawat, ya zama mataimakin firaminista da ministan albarkatun ƙasa, Pirapan na jam'iyyar Prayut ya riƙe makamashi. Pheu Thai ta tsira da kuɗi, da kasuwanci, da sufuri, da tsaro. Ranar da ta saki cikin gida, ranar ta ba da wuƙar da aka yanka ta da ita.

Malam Isa Ɗanbatta:
Kan ma'aikatar tsaro da Alhaji ya ambata, kar a ɗauka wani abu aka ba su. An yi ta murna cewa ministan da suka naɗa, Sutin Klungsang, farar hula ne. To amma dokar tafiyar da ma'aikatar tsaro ta 2008, wadda aka yi bayan juyin mulkin 2006, ta ɗauke naɗin janarori daga hannun minista ta ba kwamiti: minista, ƙaramin minista in akwai, babban sakatare, babban hafsan tsaro, da hafsoshi uku. Masu kaki biyar, 'yan siyasa biyu in sun yi yawa. Jerin ya wuce ta hannun firaminista zuwa fada. Kusa da Sutin kuma aka ajiye Janar Natthaphon Narkphanit, na hannun daman Prayut, wanda ya zama ƙaramin ministan tsaro a gwamnatin Paetongtarn da ta gaji Srettha, ya zama cikakken minista a ta Anutin. Gwamnati uku a jere aka yi da shi. Da wani ɗan majalisar Pheu Thai ya kawo ƙudurin gyara dokar a ƙarshen 2024, abokan haɗaka suka taso, aka janye.

Sai rundunar tsaron cikin gida, ISOC. A takarda firaminista ne shugabanta, hafsan sojan ƙasa mataimaki, amma tana da reshe a kowane lardi da soja a gefen gwamna. Move Forward ta kawo ƙudurin rushe ta, sai aka ce ƙuduri ne da ya shafi kuɗi, dole firaminista ya sa hannu kafin ya shiga zaure. Srettha ya ƙi.

Ɗaukar soja dole na nan yadda yake. Duk watan Afrilu samari 'yan shekara 21 su taru, kowa ya zura hannu cikin tulu: jan kati shekara biyu a bariki, baƙi ka tafi gida. Jirgin ƙarƙashin ruwa da aka yi kwangilarsa da Sin a 2017 kan baht biliyan 13.5 na kuɗin Tailan, wanda Jamus ta hana injinsa, Sutin ya ce a musanya da jirgin yaƙi na saman ruwa, ƙarshe aka koma ga abin da sojan ruwa ke so da injin Sin. Ga tashar talabijin ta 5, ga gidajen rediyo, ga filin damben Lumpinee, ga filin golf na sojan sama a tsakiyar titunan saukar jirage biyu na Don Mueang. Duk wannan ba ya cikin abin da ake rabawa a teburin haɗaka.

Dokta Hadiza Bello:
Malam Isa, sai dai a ƙara da cewa kalmar soja ta yi faɗi. Tun Oktoban 2019 aka mayar da runduna ta 1 da ta 11 ta dakarun ƙasa, waɗanda ke Bankok kuma da su aka saba juyin mulki, ƙarƙashin rundunar tsaron fada kai tsaye. Prayut ya bar siyasa a Yulin 2023, a Nuwamba aka naɗa shi majalisar mashawartan sarki. Prawit kuwa an watsar da shi: ko zaɓen Srettha bai halarta ba, a 2024 aka fitar da ɓangarensa daga gwamnati. Janarorin 2014 a matsayinsu na 'yan takara sun ƙare. Ginin da suka bari ne ke aiki, kuma ba su kaɗai ke zaune a ciki ba.

Nasiru Gwammaja:
Wannan ya tuna mini da namu na 1999, da aka kawo da dokar soja mai lamba 24, har da dokar filaye da ta yi wa ƙasa hidima da aka cusa ciki don kar a taɓa su cikin sauƙi.

Barista Kabiru Inuwa:
Akwai kama ta wannan fuska, amma namu bai bar wa soja kujera a majalisa ba, kuma a tsarin shugaban ƙasa ba a cinikin kujerar bayan an ƙirga ƙuri'a. Kar mu ja kwatancen ya wuce nan.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin abin da ya faru bayan Mayun 2024. Sanatocin soja sun rasa ikon zaɓen firaminista, amma su da majalisar dokokin riƙo da soja suka naɗa kafin su ne suka amince da alƙalan Kotun Tsarin Mulki tara, da kwamishinonin zaɓe bakwai, da na hukumar yaƙi da rashawa. Ranar 7 ga Agusta 2024 kotun ta rushe Move Forward kan batun 112, ta haramta wa shugabanninta 11 siyasa shekara 10. Bayan mako guda, 14 ga wata, ta tsige Srettha da alƙali 5 da 4, saboda ya naɗa Pichit Chuenban minista, lauyan da aka taɓa ɗaurewa a 2008 kan raina kotu. Masu ƙarar su ne sanatoci 40 daga cikin waɗanda wa'adinsu ya riga ya ƙare, suna zaman riƙo. Kalmar da aka rataye shi da ita, ɗa'a da gaskiya bayyananniya, kundin 2017 ne ya shigo da ita, kuma babu ma'auninta sai abin da alƙalai suka ce.

Alhaji Mamman Sokoto:
Sabuwar majalisar dattawan ma a duba ta. Mutum 200, jama'a ba sa zaɓe. Mai shekara 40 ya biya baht 2,500 ya shiga ɗaya daga rukunin sana'o'i 20, 'yan takara su zaɓi junansu a gunduma, sai lardi, sai ƙasa. Wanda ya iya cika rukunan da mutanensa a gundumomi da yawa shi ya ci. Wa ke da wannan hannu? Manyan gidajen siyasa na larduna, da mai riƙe da cikin gida. Buriram, garin Newin Chidchob ubangidan Bhumjaithai, ta fito da sanata 14, fiye da kowane lardi, shugaban majalisar kuma tsohon gwamnan Buriram ne. Shi ya sa ake ce musu shuɗɗan sanatoci, launin jam'iyyar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da Pheu Thai ta farga ta nemi karɓe cikin gida a tsakiyar 2025, an makara. Ana cikin wannan ja-in-ja aka saki faifan wayar Paetongtarn da Hun Sen, tsohon firaministan Kambodiya, ranar 18 ga Yuni, tana kiransa kawu, tana kwatanta kwamandan shiyya ta biyu, Laftanar Janar Boonsin Padklang, da ɗan ɗaya ɓangaren. A daren Bhumjaithai ta fice. Aka dakatar da ita 1 ga Yuli, aka gwabza kwana biyar a kan iyaka a ƙarshen watan, farin jinin soja ya dawo, 29 ga Agusta kotu ta tsige ta da 6 da 3.

Malam Auwalu Jega:
Ga kuskuren farko da na faɗa ya dawo. Magajiyar Move Forward, Jam'iyyar Jama'a ta Natthaphong, a lokacin zaɓen sabon firaminista na Satumban 2025 tana da kujera 143, ta fi kowa, amma ba ta da ɗan takara ko ɗaya, tunda Pita kaɗai ke jerin kuma an haramta masa. Zaɓinta Anutin ko Chaikasem. Ta ba Anutin ƙuri'unta ya samu 311, Chaikasem 152, bisa sharaɗin zai rushe majalisa cikin wata huɗu, ba zai nemi haɗa rinjaye ba, zai buɗe hanyar sabon kundi ta ƙuri'ar raba gardama. Ita kuma ta ci gaba da zama a adawa, ba ta karɓi minista ko ɗaya ba.

Zainab Umar Maraɗi:
Cinikin biri a sama. Sun ba shi kujera yau, shi zai biya gobe. Barista, in ya so ya saɓa, ta ina zai bi?

Barista Kabiru Inuwa:
Ba sai ya saɓa da bakinsa ba, Hajiya. Sashe na 256 ya ce gyaran kundi na buƙatar kashi ɗaya cikin uku na sanatoci a karatu na farko da na uku. Da 84 ne cikin 250, yanzu 67 cikin 200. A karatu na uku kuma ana neman kashi 20 cikin ɗari na 'yan majalisar jam'iyyun da ba su cikin gwamnati, sannan ƙuri'ar raba gardama in gyaran ya taɓa ikon kotuna ko hukumomi masu zaman kansu ko hanyar gyaran kanta. 'Yan majalisar Bhumjaithai na iya ɗaga hannu su ce sun cika alƙawari, shuɗɗan sanatoci su yi rowar ƙuri'a kamar yadda na soja suka yi wa Pita. Sanatocin da ba na wannan ɓangare ba ba su kai 67 ba, kuma wa'adin majalisar shekara biyar ne, sai 2029.